Takalma a Ƙofar Khala

Takalman na fara gani. Na ƙarasa hawa bene na uku ke nan ina haki, abayata ta manne mini a gadon baya saboda gumi, sai na gan su a jere a bakin ƙofar Khala, ƙafa bibbiyu, kamar ƙofar gidan da ake zaman makoki. Silifas ɗin 'yan matan ajinmu ne, na san kowanne da mai shi, har da wanda aka ɗaure igiyarsa da waya. A can gefe kuma akwai wani baƙin takalmi rufaffe mai ɗan tudu, irin na matan da ke aiki a ofis. Babu mai irinsa a cikinmu.

Ƙafata ɗaya na kan matakalar ƙarshe, ɗayar na ƙasa, a haka na daskare. Har yau da nake rubuta wannan, in na ga takalma a jere a ƙofar mutane sai na ja da baya.

Wanda bai taɓa zaman Jidda babu takarda ba zai ce meye abin tsoro a takalmi. To a gidan Khala ba a barin takalmi a waje. Ita ce dokar farko da ake gaya wa yarinya, tun kafin a tambaye ta ajin da ta tsaya. Tun daga matakala za ki cire, ki riƙe a hannu, ki shiga da shi ki jefa a kwandon wanki da ke bayan ƙofa. Karatun da muke yi ba shi da izinin hukuma, kuma tarin takalma kullum a ƙofa ɗaya shi ne abin da ke sa maƙwabci ya fara tambaya. A unguwarmu ta Madain Fahd kuwa, in maƙwabci ya tambayi mai gadi yau, gobe wani ne daban zai zo tambaya.

Khala dattijuwa ce, haifaffiyar Jidda. Kakanta ne ya zo Hajji ta ƙasa bai koma ba. Takardunta lafiya lau suke. Da 'ya'yanta suka yi aure suka bar mata gida, sai ta ture kujerun falonta gefe ta kafa farin allo. 'Yan matan da take karɓa duk 'yan sakandare ne waɗanda makaranta ta gaji da su. Wata ta faɗi jarrabawa ta maimaita ta sake faɗuwa, wata faɗa ne ya fitar da ita, wata kuma ba ta iya zaman aji sai ta miƙe ta yi ta zagaye. Khala na ɗaukarsu Larabci da darussan addini. Lissafi da Turanci kuwa ni ce. Bayan azahar muke farawa, lokacin da unguwa ke barci, titi ba kowa sai maguna a ƙarƙashin motoci.

Ni a Kano na gama sakandare. Muka zo umra da Umma, ba mu koma ba. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ita ma ba ta da ita. Tana kasa turaren wuta da 'yan mayafai a wajen kasuwar Bab Makka. Tana da ciwon suga, kuma ciwon ya fara cin idonta. Allurar da take yi da safe da magariba ni nake ja mata, don ba ta ganin layukan da ke jikin sirinji. Saboda haka in na ce tsoro, ba jirgin nake tsoro ba, ba kuma komawa gida ba. Abin da nake gani shi ne Umma a tsugune gaban firij ita kaɗai, ta ɗaga sirinji wajen fitila tana ƙanƙance ido.

Kuma ina da dalilin zaton abin da na yi zato.

A cikin 'yan matan akwai wata doguwa mai tabo a gira. An kore ta daga makarantar gwamnati tana aji biyu na babbar sakandare, saboda wata ta yi mata gorin baƙar fata, ita kuma ta fasa mata baki. A nan aka haife ta, babanta direba ne a hannun kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, iƙamarta na jaka. Hausa tana ji tsaf, amma in za ta yi sai ta cakuɗa da Larabci. Kanta na ja a lissafi fiye da duk wadda na taɓa koyarwa. Sai dai amsa kawai take rubutawa, ba ta nuna hanyar da ta bi, kuma ba a ce mata ta sake. Ana gobe abin zai faru na tsayar da ita gaban allo na ce ta rubuta mini layi bayan layi. Ta rubuta amsa. Na goge. Ta sake rubuta amsa. Na sake gogewa. Sai ta yi jifa da alƙalamin allon ya daki bango.

"Ke wace ce ma? 'Yar umra! Wallah waya ɗaya zan buga, gobe kina cikin jirgi."

Khala ba ta ɗaga murya ba, dama ba ta ɗagawa. Ta ce, "Hau sama."

Wannan shi ne duk horon da ake yi a gidan. Ba duka, ba kora. A saman benen Khala ta sa an jera tsofaffin gwangwanayen fenti an shuka na'ana'a da ɗaɗɗoya. Duk wadda ranta ya ɓaci sai ta ɗauki jarka ta hau ta ba su ruwa, ta zauna iya son ranta. In ta huce ta sauko ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma ba mai sake tayar da maganar. Khala kan ce shukokinta sun kusa ruɓewa saboda yarinyar nan ita kaɗai. Ran nan ma ta hau, ta sauko, ta yi aikin layi bayan layi tana huci, ba ta kalle ni ba har aka tashi. Ni kuwa maganar ta kwana a ƙirjina. Ban gaya wa Umma ba.

Shi ya sa da na ga takalman ban tsaya neman wata fassara ba. Na ce shi ke nan, ta buga.

Daga cikin gidan ina jiyo muryar mace tana Larabci, ba irin namu na kasuwa ba, a nutse, muryar wadda ta saba in ta yi tambaya a ba ta amsa. Na juya zan sauka, sai na ji mai gadin gidan a ƙasa yana magana da wani namiji. A nan na tuna farar motar da ke bakin ƙofa, injinta na aiki, wani mai farar jallabiya a zaune a gaba. Na wuce ta kaina a sunkuye kamar yadda na saba wuce kowace mota. Ga namijin a ƙasa, ga matar a nan. Sai na cire takalmina na riƙe a hannu, hannun ma da kansa ya yi saboda sabo, na hau sama.

Ƙofar saman ta ƙarfe ce, tana kuka in an tura. Na tura ta a hankali, duk da haka sai da ta yi kukan. Da na taka simintin sai da na ciji leɓe. Rana ta gasa shi tun safe, ni kuma ba takalmi, amma ban yarda na tsaya sakawa ba. Na ruga a kan yatsu zuwa wajen tankunan ruwa, na kutsa tsakanin na ƙarshe da bango, inda akwai 'yar inuwa mai faɗin mutum ɗaya. Na durƙusa na tattare abayata.

Ban san yadda zan kwatanta zafin nan ba. A irin wannan lokaci iskar teku ba ta kawo sanyi, laima kawai take kawowa, numfashi ma sai mutum ya ja da ƙarfi. Bango na ƙona mini kafaɗa ɗaya, tanki na ƙona ɗayar. Gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki na gidajen kewaye ya cika ko'ina, ya hana ni jin abin da ake yi a ƙasa, alhali shi kaɗai nake son ji.

Na ciro waya na kashe mata murya. Na buɗe lambar Umma na daɗe ina kallo. In na kira ta, za ta bar kayanta a titi ta taho, ba za ta ji magana ba, sai a haɗa da ita. Na rufe. Sai na fara rubuta saƙo zuwa ga maƙwabciyarmu, wata 'yar Damagaram wadda ko jini ta gani sai ta kau da kai. Na ce maganin yana ƙofar firij cikin kofin shayi, a mirgina kwalbar a tafin hannu kada a girgiza. Da na zo wajen kwatanta mata layin da za ta tsaya a jikin sirinji sai na rasa yadda zan faɗa, ina ta kuskuren haruffa. Ban aika ba. Aikawa kamar na yarda ke nan an gama.

Labaran da na taɓa ji duk suka dawo mini. Matar da ke ƙasanmu an ɗauke ta tana tsakiyar kwaɓa fulawa, aka ce da busasshen ƙulli a hannunta ta isa gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Wata a hanyar kai wa ɗanta abinci aka tsayar da ita. Ba wanda ya taɓa ba ni labarin wadda aka kama a saman bene, na ce to ni ce za a riƙa bayarwa.

Aka kira la'asar. Masallatai suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ban iya miƙewa ba, kada a hango ni daga wani benen. Na buga tafina a bango na yi taimama, na yi sallar a zaune, ban san abin da na karanta ba. Harshena ya bushe kamar tsumma. Ga ruwa cike da tanki a jikin kafaɗata, ina jin motsinsa, ba halin sha.

Sai ƙofar ta yi kuka.

Na toshe bakina da gefen mayafi. Takun mutum ɗaya ne, ba takalmi, da ƙarar ruwa a cikin jarka. Ya nufo tankunan kai tsaye. Ta ƙarƙashin tankin na hango ƙafafun, dogaye, da lallen da ya fara gogewa a farce. Na san su.

"Abla," ta ce ƙasa-ƙasa. Haka suke kiran malama. "Abla, gefen abayarki na waje. Ko ɓuya ba ki iya ba."

Ta leƙo. Mai tabon ce. Ban san lokacin da na saki abin da ke hannuna na cafke ƙafarta ba.

"Don girman Allah," na ce, muryar ma da ƙyar take fita. "Ki ce ba ki gan ni ba. Ba don ni ba. Umma ba ta gani, ba mai yi mata allura. Duk abin da na yi miki ki yafe, ki bar ni in kai magariba."

Ta fizge ƙafarta. "Ya Allah! Ke majnuna ce? Sake ni. Ungo, sha."

Ban karɓi jarkar ba. "Su nawa ne?"

"Su wa?"

"Waɗanda kika kira."

Ta tsaya tana kallona, tabon nan ya tattare. Na zaci za ta kwaɗa mini jarkar a ka. Sai ta tsuguna, ta matso har ina jin hucinta.

"Wa kike zato ya fitar da takalman?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ni ce. Ni na kwashe kwandon."

Ta ba ni labarin a gurguje, rabi Hausa rabi Larabci, tana waiwayen ƙofa. Matar ba 'yar kame ba ce. Murshida ce ta tsohuwar makarantarsu, wato malamar da aka ware don matsalolin ɗalibai, ita ce ma ta rirriƙe ta ranar da ta yi faɗan. Uwar yarinyar ta je ta roƙe ta a sa 'yarta cikin tsarin da ake barin ɗaliba ta yi karatu a gida ta zo ta zauna jarrabawa kawai. Matar ta ce sai ta gani da idonta cewa karatun ake yi. Uwar kuwa, da yake ita takardunta a cike suke, bai zo mata a rai cewa akwai abin ɓoyewa ba. Ta kwatanta mata gidan Khala tiryan-tiryan, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Mai farar motar mijin matar ne, shi ya kawo ta.

"Ta cire takalminta a waje kamar kowane baƙo, ta shigo ta zauna," in ji yarinyar. "Ba halin in taɓa waya, idonta na kaina. Na san kina hanya. Sai na ce kai, abin kunya, takalmin baƙuwa shi kaɗai a waje. Na ɗauki kwandon na jera su duka. Khala ta gane, ba ta ce komai ba. Na ce in kika gani za ki koma gida. Gida, Abla! Wa ke gudu ya hau sama?"

"Amma jiya kin ce..."

"Na ce. Ran nan ma na ce miki akuya, kin fito da ƙaho?"

Dariya ta taso mini ta haɗu da kuka, na danne su duka da mayafi. Na karɓi jarkar na kafa kai. Ruwan da ɗumi, yana zubo mini ta haɓa, ban taɓa shan mai daɗinsa ba.

"To yanzu zan iya sauka?"

"A'a. Ke take jira."

Na sauke jarkar daga bakina.

Ashe matar ta rubuta mata lissafi a allo don ta gwada ta, ita kuma ta warware shi layi bayan layi, "irin yadda kika ƙuntata mini jiya," in ji ta. Matar ta ce wa ke koya miki haka? Ta dubi Khala, ta san ba ita ba ce. Khala ta ce wata 'yar'uwa ce ke taimakawa. Matar ta ce to za ta jira su gaisa. Ta gyara zama tana fuskantar ƙofa.

"Kuma kukan ƙofar nan har falo ana ji. Da kika shigo ta ɗaga kai ta ce akwai mutum a sama? Khala ta ce iska ce. In ta sake ji ba wanda ya hau, za ta leƙo." Ta haɗiye yawu. "Ba muguwa ba ce, Abla. Amma ma'aikaciya ce. In ta ce ya sunanki, a ina kika yi karatu, ina iƙama? Ban sani ba. Wallah ban san me za ta yi ba. Kar ki sauko."

"Ke ya aka yi kika fito?"

Ta kawar da kai. "Na ture kujera. Na yi wa yarinyar nan mai gilashi ihu, na ce ta taka ni. Khala ta ce hau sama."

Sai a lokacin na gane abin da ta yi. Matar nan ta zo ne ta ga ko yarinyar ta daina faɗa, ita kuma ta tayar da faɗa a gabanta don kawai ta kawo mini ruwa ta ce kar in sauko.

"Kin ɓata wa kanki," na ce.

"Ta ga wanda ya fi wannan. Ranar har da jini." Ta faɗa kamar ba komai, amma ta ƙi haɗa ido da ni.

Na kama hannunta. "Ji nan. Ki ba shukar ruwa, ki sauka, ki ɗaga kujerar, ki koma gaban allo daga inda kika tsaya. Kamar kullum. Bar ta ta ga kin sauko da kanki."

"Ai kin shanye ruwan."

"Da saura."

Ta zazzage sauran a kan na'ana'ar, ta tura gefen abayata ciki da ƙafa, ta tafi. Ƙofar ta yi kuka ta rufe.

Na so hankalina ya kwanta, amma bai kwanta ba. Na san yanzu ba kame ba ne, sai dai jikina ya ƙi jin abin da na sani. Inuwar ta fara gocewa, ina binta da ja da gindi. Tafin ƙafata ya tashi ya yi ruwa, gwiwoyina sun yi tsami. Na yi ta tunanin matar a zaune a falo tana shan shayin Khala tana duban agogo, da abin da Khala za ta ƙara faɗa in ta sake tambaya.

Ƙofar ta sake kuka. Wannan karon da ƙwas-ƙwas ɗin takalmi.

"Ga su nan, ustaza, shuka ce kawai," muryar yarinyar ce da Larabci, ta yi sama fiye da yadda na san ta. "Halas, shi ke nan, mu koma, akwai zafi."

Matar ta ce tana son ganin wurin da ake turo su. Ta ƙarƙashin tankin na hango baƙin takalmin ya tsaya wajen gwangwanayen. Na ji ta tsinki ganye.

"In kin hau nan me kike yi?"

"Ina ba su ruwa."

"Sannan?"

"Sannan in sauka."

"Wa ke zuwa kiranki?"

"Ba kowa."

Sai takalmin ya juyo, ya fara takowa wajen tankunan a hankali. A nan idona ya faɗa kan abin da na manta. Takalmina. Lokacin da na cafki ƙafar yarinyar na sake su, ga su can a fili a gefen tankin, cikin rana, ɗaya a kife. Duk takalman 'yan aji suna ƙofar Khala, ta gan su. Waɗannan na wata ne daban.

Baƙin takalmin ya zo ya tsaya daf da nawa. Da zan miƙa hannu zan taɓa shi, har ƙurar da ke bakinsa ina gani. Na daina numfashi. Ba addu'a ɗaya da ta zo bakina, ba abin da ke kaina sai kofin shayin nan na ƙofar firij. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, mu uku.

Sai matar ta sa bakin takalminta ta birkito wanda ya kife, kamar yadda kowace uwa ke yi in ta ga takalmi a kife. Ta daidaita shi da ɗan'uwansa, ta tura su cikin inuwa, kusa da gwiwata. Ta yi magana da ɗan ƙarfi, a hankali, kalma-kalma, irin Larabcin da ake yi wa wanda bai ƙware ba.

"Ranar nan ta yi yawa. Bai kamata kowa ya daɗe a nan ba. Yalla, mu sauka, ni ma tafiya zan yi."

Suka fita. Ban motsa ba. Na ce ƙila ta sauka ne ta gaya wa mijinta, ƙila waya za ta buga daga cikin mota. Rana ta yi ja ta wajen teku, simintin ya fara sakin zafinsa. Wayata ta yi haske a cinyata, Umma ce. Ta koma gida ke nan ba ta same ni ba. Na zuba wa sunan ido har ya ɗauke, ya sake dawowa, ya sake ɗaukewa.

Takun da na ji daga ƙarshe mai nauyi ne, ana yi ana tsayawa, kowace matakala da "ya Rabbi" ɗinta. Khala ba ta hawa sama saboda ciwon gwiwa. Tun da na san ta ban taɓa ganin ta hau ba.

"Ya binti," ta ce tana haki. "Fito, 'yata. Ta tafi. Motar ma ta tafi, ina tsaye a taga har ta sha kwana."

Na yunƙura, ƙafafuna suka ƙi. Sai rarrafowa na yi. Ta jingina da tankin ta miƙo mini hannu.

"Khala, ta gan ni."

"Takalmi ta gani."

"Za ta faɗa."

"Saurara in gaya miki abin da ta ce a bakin ƙofa. Ta ce ita aikinta ɗalibarta, ita ta zo gani, kuma ta gani. Ta ce ba ta tambayi sunan kowa ba, ba kuma za ta tambaya ba. Ta ce in gaishe mata da mai lissafi."

"Yarinyar fa? Kujerar da ta ture?"

"Ta sauko ta ɗaga ta da hannunta, ta ba mai gilashi haƙuri. Matar ta ce shekara guda ta yi tana neman ta ga wannan a makaranta ba ta gani ba. Za ta zauna jarrabawa, in sha Allah." Khala ta ja numfashi, sai ta yi 'yar dariya. "Wai kuma mu shigar da takalman nan ciki, maƙwabta na da ido. Ni za ta koya wa!"

Ta dafa kaina, tafinta da sanyi.

"Ba abin da zai same ki, kin ji ko? Halas. Ya wuce."

A nan kukan da na danne tun azahar ya ƙwace. Ta bar ni na yi, ba ta ce in yi shiru ba. Da na tsagaita na ɗauki takalmina, na kasa sakawa saboda ƙunar, sai na riƙe su a hannu. Muka sauka, ni na riƙe ta, ita ta riƙe ni.

A bakin ƙofa sauran 'yan matan sun watse. Mai tabon ce kaɗai a tsugune, ta shigar da kwandon tana gyara masa zama a bayan ƙofa. Ba ta ɗago ba.

"Abla, gobe in kika goge mini allo, wallah..."

"Wallah me?"

"Zan hau sama."

Ladanin masallacin kusa ya fara gyaran murya a lasifika. Khala ta tura ni ta baya.

"Yalla, sa takalminki ko da zafi. Uwarki na jiran allura."